Kiyaye Lafiyar Ma'aikata Wajen Amfani da Maganin Ƙwari na Gwangwani a Wuraren Aiki

1.0 Gabatarwa

Da wuya a shiga wani ofis ko kanti ko otal a ƙasar nan a rasa gwangwanin maganin ƙwari a ajiye bisa taga ko cikin kabad. Dalilin haka kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. Ga kuma kyankyaso da ƙuda da kuɗin cizo, waɗanda ke ɓata abinci da takardu, su kori baƙi daga masauki. Saboda haka babu mai cewa a daina feshi. Abin da ake bukata shi ne mai feshin ya san abin da yake riƙe da shi a hannu.

Manufar wannan ƙasida ita ce ta bayyana cewa haɗari iri biyu ne a cikin gwangwanin feshi. Na farko shi ne na guba, wanda kowa ya sani, ko da yake ba kowa ke kiyaye shi ba. Na biyu shi ne na gobara da fashewa, wanda mutane da yawa, har da masu ilmin zamani, ba su taɓa kawo shi a rai ba. Bayan haka za a nuna cewa a wurin aiki, saɓanin gida, wanda ke yin feshin ba shi ya zaɓi maganin ba, ba kuma shi ya tsai da lokacin ba. Galibi masinja ne ko mai shara ko yaron shago, wanda aka miƙa wa gwangwani aka ce ya je ya fesa. Don haka nauyin kiyaye haɗarin yana wuyan mai wurin aiki ne tun kafin ya kai ga ma'aikaci.

Abin da ake nufi da maganin gwangwani a nan shi ne wanda ake danna kansa da yatsa ya fito kamar hazo. Wurin aiki kuwa ya haɗa da ofisoshi da kantuna da sito-sito da otal-otal da gidajen abinci da na burodi da makarantu, watau duk inda wani ke aiki a ƙarƙashin wani.

2.0 Asalin Gwangwanin Feshi da Yadda Yake Aiki

2.1 Taƙaitaccen Tarihi

Kafin zuwan gwangwani, famfon hannu aka sani, wanda ake zuba magani a 'yar tankarsa a riƙa turawa. Maganin da ya fi shahara a lokacin shi ne Flit, wanda wani kamfanin mai na Amurka ya fito da shi a 1923, kuma daga sunansa ne muka sami kalmar "filit" da har yanzu wasu ke kiran kowane maganin feshi da ita.

Dabarar cusa ruwa da gas cikin gwangwani ɗaya kuwa, wani injiniya ne ɗan ƙasar Norwe, Erik Rotheim, ya yi mata rajista wajen 1927. Amma ba ta bazu ba sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1941 wasu masana biyu na Ma'aikatar Gona ta Amurka, Lyle Goodhue da William Sullivan, suka ƙera ƙaramin gwangwanin maganin sauro, aka raba miliyoyinsa ga sojojin da zazzaɓi ke kayarwa a tsibiran tekun Fasifik. A 1949 Robert Abplanalp ya ƙago bawul mai araha, daga nan gwangwanin feshi ya shiga kantuna ko'ina a duniya.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, gas ɗin da ke cikin gwangwanayen farko, wanda ake kira Freon, ba ya cin wuta. To amma a 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka nuna cewa dangin wannan gas suna cinye lemar ozon da ke kare duniya daga miyagun hasken rana. Amurka ta hana sa shi cikin yawancin gwangwanayen feshi a 1978, sa'an nan Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta ɗora wa ƙasashen duniya daina yin sa, inda wa'adin ƙasashe masu tasowa ya cika a 2010. Abin da ya maye gurbinsa a yawancin magungunan ƙwari shi ne butan da furofen, watau ainihin gas ɗin da ke cikin tukunyar girki. An ceci lemar ozon, amma an canja abin da ke cikin gwangwani ba tare da ɗabi'ar masu amfani da shi ta canja ba.

2.2 Abin da ke Cikin Gwangwani

Abubuwa uku ne muhimmai a ciki. Akwai gubar da ke kashe ƙwarin, wadda ita ce mafi ƙanƙanta, domin sau da yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Akwai ruwan da aka narka ta a ciki, wanda a magunguna da yawa dangin kananzir ne da aka tace. Sa'an nan akwai gas ɗin da ke turawa, wanda shi ne kan ɗauki babban kaso.

An matse wannan gas ne har ya zama ruwa. Wani ɓangare nasa yana tashi ya taru a saman gwangwani yana danna ruwan ƙasa. Idan aka danna kai, sai bawul ya buɗe, ruwan ya biyo siririn bututu ya fito. Da fitowarsa sai gas ɗin ya tafasa nan take, ya tarwatsa maganin ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana ƙwarai, masu iya daɗewa suna yawo a iska. Wannan daɗewar ita ake bukata don maganin ya riski sauro yana tashi, kuma ita ce ke sa ɗan Adam ya shaƙe shi, domin ɗigon da bai kai maikiron 10 ba yana iya wuce hanci da maƙogwaro ya isa can cikin huhu.

3.0 Haɗarin Gobara da Fashewa

3.1 Lissafin Gas

Ba kowane yawan gas ne ke kama wuta ba. Butan yana kamawa ne idan ya kai tsakanin kashi 1.8 da kashi 8.4 cikin ɗari na iskar wuri, furofen kuwa tsakanin kashi 2.1 da kashi 9.5. Ke nan kashi biyu kacal cikin ɗari ya isa.

Bari mu yi ɗan lissafi don a ga abin a fili. Lita 1 ta ruwan butan tana zama kimanin lita 240 ta gas idan ta fito sarari. Mu ɗauka wani gwangwani yana ɗauke da mililita 250 na butan. Idan aka juye shi duka, an saki lita 60 ke nan ta gas. Lita 60 kuwa ta isa ta mai da iska lita 3,300 ta zama mai cin wuta, watau iskar wurin da tsawonsa da faɗinsa da bisansa kowanne mita 1.5 ne. Wannan bai wuce girman ƙaramin sito ko ban-ɗaki ko ƙarƙashin bene ba.

Wani zai ce ai ofishinsa ya fi haka girma nesa ba kusa ba. To amma akwai magana ta biyu. Butan ya ninka iska nauyi kusan sau biyu, saboda haka idan ɗaki a rufe yake, babu abin da ke motsa iska, sai ya gangaro ya kwanta a ƙasa. A ɗaki mai mita 3 tsawo da mita 3 faɗi, waccan lita 3,300 za ta iya shimfiɗuwa daga daɓe zuwa kimanin santimita 37, watau ƙasa da gwiwa. A daidai wannan wuri kuwa injin firji yake, da soket, da risho, da kurfoti, da maganin sauro na kunnawa, da kaskon turaren wuta da ake sakawa don a kashe warin maganin.

Gaskiya ne cewa feshin daƙiƙa biyar ko goma a ɗaki mai faɗi ba ya kai wannan haddi. Amma ko da haka, hazon da ke fitowa daga bakin gwangwani shi kansa mai cin wuta ne, in ya haɗu da harshen wuta ko taba sai ya zama kamar wutar walda. Babban haɗarin kuwa yana zuwa ne daga wata al'ada da ta zama ruwan dare a wuraren aiki, ita ce a bari sai ranar da za a tashi hutun mako, a rufe tagogi, a juye gwangwani biyu ko uku, a ja ƙofa a tafi. Dalilin yawan juyewar shi ne sauro da kyankyaso a wurare da yawa sun fara jure wa maganin, sai mutane su ɗauka ƙara yawa ne mafita.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu musamman. A inda wutar lantarki ke ɗaukewa tana dawowa ba sanarwa, mutum na iya yin feshi lokacin da babu wuta, ya ga komai a kashe, alhali makunnai duk a buɗe suke. Da an kawo wuta ko an ta da janareta, sai firji da fanka su tashi gaba ɗaya, kuma tartsatsi ɗaya daga cikinsu ya wadatar.

3.2 Abin da ya Faru a Sapporo

Don kada a ɗauka wannan lissafi ne na takarda kawai, ga misalin da ya auku a wurin aiki. Ranar 16 ga Disamba 2018, da dare, a birnin Sapporo na ƙasar Japan, ma'aikatan wani ofishin dillancin gidaje suka so zubar da gwangwanayen maganin wari kimanin 120. Sai suka zazzage su a cikin ofis, ƙofofi da tagogi a rufe. Da suka gama, ɗayansu ya kunna na'urar ɗumama ruwa don ya wanke hannu. Nan take ginin ya tarwatse, gidan abincin da ke maƙwabtaka da su ya kama wuta, mutane fiye da 40 suka ji rauni. Ko da yake maganin wari ne ba na ƙwari ba, abin da ke tura shi gas ne mai cin wuta kamar na gwangwanayenmu.

Darasin da ke ciki shi ne, waɗannan mutane ba mugunta suka yi ba, aiki suke yi. Sun saba da gwangwanin ne har suka daina ganinsa a matsayin tukunyar gas. Hausawa sun ce sabo turken wawa.

3.3 Zafi da Zubar da Gwangwani

A jikin kusan kowane gwangwani an rubuta cewa kada a bar shi a zafin da ya wuce digiri 50 na ma'aunin santigiret. Dalili shi ne, duk lokacin da zafi ya ƙaru, matsin gas ɗin na ƙaruwa, har ya kai inda ƙarfen ba zai iya riƙewa ba. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin bazara yakan haura digiri 40 a inuwa. Cikin motar da aka ajiye a rana da gilasai a rufe yakan wuce digiri 60. Shagon kwantena ko sito mai rufin kwano ba silin shi ma yana ɗaukar zafi fiye da na waje. Ke nan abin da a ƙasashe masu sanyi gargaɗi ne na jefi-jefi, a wurinmu lamari ne na kowace bazara.

Haka nan gwangwanin da ake cewa ya ƙare ba ya rasa sauran gas. Idan aka jefa shi cikin sharar ofis, mai shara ya cinna mata wuta kamar yadda aka saba, sai ya fashe, ɓarɓashin ƙarfe ya tashi. Masu tsintar gwangwan da ke bubbuge shi ko huda shi da ƙusa su ma suna cikin wannan haɗari.

4.0 Haɗarin Guba

4.1 Dangin Firetiram

Gubar da ke cikin yawancin gwangwanayen yau daga dangin firetiram take. Asalin firetiram furen wani tsiro ne wanda ƙasar Kenya ta yi suna wajen nomansa. Da yake na fure ba ya jure hasken rana, sai masana suka shiga haɗa makamantansa: aletirin a Amurka a 1949, sa'an nan famitirin da ire-irensa a cibiyar binciken gona ta Rothamsted a Ingila, ƙarƙashin jagorancin Michael Elliott, daga 1973. Ana iya gane yawancinsu a jikin gwangwani domin sunayensu na ƙarewa da haruffan "thrin".

Aikin wannan guba shi ne ta hana 'yan ƙofofin da ke jikin jijiya rufewa bayan saƙo ya wuce, sai jijiyar ƙwaro ta yi ta harbawa ba tsayawa har ya shanye ya faɗi. Ɗan Adam ya fi ƙarfinta ne saboda girman jikinsa, da kuma cewa hantarsa tana saurin wargaza ta. Wannan ya sa ake ƙirga ta cikin magunguna masu sauƙin haɗari. Amma sauƙin haɗari daban, rashinsa daban. Wanda ya shaƙa da yawa yakan yi atishawa da tari da hawaye da ciwon kai da jiri da tashin zuciya. In ta taɓa fata, musamman ta fuska, takan sa zugi da ƙaiƙayi kamar ana tsira allura, wanda yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai ciwon asma kuwa, ɗan kaɗan na iya tayar masa da ciwon. Sa'an nan tana kashe kifi ko da 'yar ƙanƙanuwa ce, saboda haka masu kiwon kifi su kiyaye.

Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta bi diddigin waɗanda suka jikkata da irin gwangwanin nan da ake dannawa a ajiye ya juye kansa duka. Ta sami mutum 466 a jihohi 8 daga 2001 zuwa 2006, sa'an nan mutum 3,222 a jihohi 10 daga 2007 zuwa 2015. Yawancin abin a gidaje ya faru, kuma yawancin ciwon mai sauƙi ne. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne musabbabin da suka fi yawa: rashin fita daga wurin lokacin da maganin ke fita, da kuma saurin komawa ciki kafin ya washe. Waɗannan biyun kuwa su ne daidai abin da aiki ke tilasta wa ma'aikaci. Mai gadi yakan fesa ɗan ɗakinsa ya zauna a ciki domin ba shi da izinin barin ƙofa. Mai gyaran ɗakin otal takan fesa ɗaki ashirin a jere, kowanne ta tsaya ta shimfiɗa gado. Akawu yakan shigo da safe ya tarar an fesa ofis minti biyar da suka wuce, ya zauna domin lokacin aiki ya yi.

4.2 Daikulobos da Fiya-fiya

Wajibi ne a ambaci wani magani wanda ba na gwangwani ba ne, amma ana amfani da shi a madadinsa saboda araha. Shi ne daikulobos, wanda ake rubuta wa DDVP, kuma shi ne akasari ke cikin haɗin da ake kira fiya-fiya, wanda ake sayarwa a kwalabe marasa rubutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin rukunin magunguna masu tsananin haɗari. Yana hana aikin wani sinadari da ke share saƙo tsakanin jijiya da tsoka, sai saƙon ya taru. Alamunsa su ne ƙwayar ido ta tsuke, yawu da gumi su yi ta zuba, ga amai da zawo, tsoka ta riƙa rawa, ƙirji ya cika da majina har numfashi ya gagara. Yana shiga ta hanci, yana kuma shiga ta fata. A 2019 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da shi a kasuwanni da manyan kantuna, da kuma hana yin ƙananan kwalabensa na mililita 100. Duk mai wurin aikin da ya ba yaronsa wannan magani ya yayyafa a ɗaki ko a kan kayan abinci, ya sani ya ba shi abin da ke iya kisa.

5.0 Nauyin da ke kan Mai Wurin Aiki

Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1981, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1994, ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata tabbatar da cewa sinadaran da ke ƙarƙashin ikonsa ba su cutar da lafiya ba. Ta kuma kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin yana barazana ga rayuwarsa. Yarjejeniya ta 170 ta 1990, wadda ta keɓanta ga sinadarai, ta ƙara da haƙƙin ma'aikaci na a sanar da shi abin da yake aiki da shi, a kuma koya masa. A cikin gida akwai Dokar Masana'antu ta 1987, sai dai ta fi fuskantar wuraren da ake ƙera kaya, alhali yawancin feshin da muke magana a kai a ofis da otal da kanti ake yin sa. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuwa ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta ta dalilin aiki, amma diyya bayan ɓarna take zuwa.

Saboda haka abin ya koma ga tsarin da kowane wurin aiki zai yi wa kansa. Matakin farko ma shi ne rage bukatar feshin: a sa raga a tagogi, a toshe ramuka da tsagar bango, a gyara famfon da ke yoyo, a rufe kwandon shara, a yashe kwata. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwangwani yana kashe ƙwarin da ya riska ne kawai, ba ya taɓa ƙwan kyankyaso da ke cikin kwansonsa, ba ya kuma taɓa tsutsar sauro da ke cikin ruwa. Inda ƙwari suka yi katutu, aikin ƙwararrun masu feshi ne, ba na masinja ba.

6.0 Matakan da ya Kamata a Bi

6.1 Kafin Feshi

(a) A sayi maganin da ke da lambar rajistar NAFDAC da cikakken bayani a jikinsa, a kuma karanta wa mai feshin bayanin cikin harshen da yake ji.

(b) A tsai da lokacin feshi bayan an tashi aiki, a sanar da kowa, a fitar da kowa. Kada a ba mai asma ko mai juna biyu ko ƙaramin yaro wannan aiki.

(c) A kashe duk wata wuta, a cire firji da sauran na'urori daga soket, ko da babu wutar lantarki a lokacin.

(d) A kwashe ko a rufe abinci da ruwan sha da kwanuka. A gidan abinci da na burodi, kada a yi feshi ana cikin girki ko tanda na da zafi.

6.2 Lokacin Feshi

A girgiza gwangwani, a riƙe shi a tsaye, a miƙa hannu nesa da fuska. A fara daga ƙuryar ɗaki ana ja da baya zuwa ƙofa, don kada mutum ya ratsa cikin hazon da ya fesa. Kada a wuce yawan daƙiƙun da aka rubuta. Wanda feshi ya zama aikinsa na kullum ya cancanci safar hannu ta roba da tabarau da riga mai dogon hannu. A sani kuma cewa ƙyalle ko takunkumin takarda ba ya tare tururin magani, sai takunkumi mai matatar gawayi. Ba a cin abinci ko goro ko shan taba har sai an wanke hannu da fuska da sabulu.

6.3 Bayan Feshi

A bar ɗakin a rufe gwargwadon lokacin da aka rubuta, a manna takarda a ƙofa mai nuna lokacin da aka fesa da lokacin da za a shiga. Wanda zai buɗe ya fara da ƙofa da tagogi, kada ya taɓa makunni sai iska ta ratsa. A nan ma lissafi yana da amfani. Idan sabuwar iska mai yawan cikin ɗaki ta shiga sau ɗaya, kimanin kashi 63 cikin ɗari na gurɓatacciyar take fitarwa, domin suna cakuɗuwa. Sau biyu kashi 86, sau uku kashi 95. Ke nan buɗe taga na minti biyu bai isa ba, a ba shi aƙalla rabin sa'a, tagogi biyu masu fuskantar juna a buɗe. Na'urar sanyaya ɗaki irin wadda ake maƙalawa a bango ba ta shigo da sabuwar iska, ta cikin ɗakin take juyawa, saboda haka kunna ta ba ya maye gurbin buɗe taga. Daga ƙarshe a goge tebura da duk inda abinci ke taɓawa. A ajiye gwangwani a wuri mai inuwa da iska, nesa da madafa da ɗakin janareta, wanda ya ƙare kuma a ware shi daga sharar da za a ƙona.

6.4 Taimakon Farko

Wanda ya shaƙa, a fitar da shi sarari. In ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta har minti 15. In ya zuba a jiki, a tuɓe tufafin a wanke da sabulu. In an haɗiya, kada a sa mutum amai, kada kuma a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, domin idan ruwan kananzir ɗin ya kauce ya shiga huhu, ciwon da zai haifar ya fi na gubar muni. Duk wanda numfashinsa ya yi wuya, ko aka ga alamun da aka ambata a 4.2, a garzaya da shi asibiti tare da gwangwanin ko kwalbar, domin maganin da likita zai bayar, kamar allurar atirofin ga mai gubar daikulobos, ya danganta ne ga sanin abin da ya shiga jiki.

7.0 Kammalawa

An ga yadda gwangwanin maganin ƙwari ya zama ƙaramar tukunyar gas tun bayan canjin da aka yi don kare lemar ozon, da yadda gubarsa, duk da sauƙinta, ke cutar da wanda aiki ya hana shi fita ko ya tilasta masa saurin komawa. An kuma ga cewa abubuwan da ke kawar da haɗarin, watau zaɓen magani da tsai da lokaci da ba iska dama, duk a hannun mai wurin aiki suke.

Saura abu ɗaya da ya shafi mahalarta wannan taro kai tsaye. Gargaɗin da ke jikin gwangwani da Ingilishi ko Faransanci ake buga shi, cikin ƙananan haruffa, alhali masu riƙe gwangwanin da yawansu Hausa suke ji. Alamar harshen wuta cikin jan zane da ake bugawa tana taimakawa, amma ba ta faɗin abin da za a yi. Ina ba da shawara malaman harshe da na kimiyya su haɗa kai su daidaita gajeren gargaɗi da Hausa, a boko da ajami, wanda za a miƙa wa hukuma da masu yin maganin, a kuma riƙa mannawa a wuraren aiki. Ga abin da za a iya farawa da shi: "Akwai gas a ciki, yana cin wuta. Kashe wuta kafin ka fesa. Fesa kaɗan, ka fita. Buɗe taga kafin ka kunna fitila. Kada a huda, kada a ƙona, kada a bari a rana." Ina fata masu sharhi za su duba wannan lafazi su gyara shi inda ya gaza.